Taku Ashirin da Uku Tsakanin Gidanmu da Teku

Kampung Alur Ketapang, Terengganu
19 ga Agusta, 1986

Abang Ghazali,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da zafin Jidda. Ni ce ƙanwarka Rokiah. Kada ka ga hatimin gidan wayar garinmu gabanka ya faɗi, babu abin da ya sami Mok. Mahaifiyarmu lafiyarta ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mata tsami da safe. Bakinta kuwa yana nan yadda ka bar shi. Ina sauka daga mota ta dube ni ta ce, "Ashe har yanzu a Ipoh ba a ba malaman makaranta abinci." Baffanmu Pak Ngah Draman ma yana lafiya, yana gaishe ka. Tsufa ya ɗan taɓa shi, tafiyarsa ta koma irin ta mahaifinmu Ayah sak, Allah ya jiƙan Ayah.

Na zo ne in yi Sallar layya kwana biyar in koma. Yau kwanana shida, kuma ban ɗaure jaka ba.

Abang, ka tuna filin da kuke buga ƙwallo a gaban gida? Ka tuna layin kwakwa bakwai da ke tsakanin filin da inda ake jan jiragen kamun kifi? Babu su. Layi ɗaya ya rage, shi ma saiwoyinsa a waje. Gidan Mek Gayah babu shi, sai rijiyarta tsaye ita kaɗai a cikin ruwa. Mutanen layinmu duk sun koma gidajen bulo na bakin titi. Da hantsi, ruwa ya cika, na taka da ƙafata daga ginshiƙin gabanmu zuwa inda kumfa yake tsayawa. Taku ashirin da uku. Kuma yanzu teku a kwance take, ba a fara iskar damina ba.

Na ce, "Mok, ruwa fa ya zo."

Ta ce, "Ina da ido."

Na ce, "Ki shirya mu tafi Ipoh."

Ta ce, "In je in yi me? In hau bene in zauna kamar kaza a keji, ana kawo min kifin da ya kwana uku a ƙanƙara? Ubanku ya kafa gidan nan da hannunsa, ko ƙusa ɗaya bai sa ba. Ke ki koma ki koya wa yaran mutane lissafi."

Ta juya ta ci gaba da murza ƙullin kifinta na keropok kamar ba a yi magana ba.

Akwai wani mutum mai farar mota da ke yawo ƙauye ƙauye yana sayen tsofaffin gidajen katako, ana kwance su ana kai wa wani otal. Ya sayi biyu a nan. Da ya zo wurinmu, Mok ta bi shi da tsintsiyar kwakwa har bakin mota. Maƙwabta har yanzu dariya suke yi. Ni kam da na gama dariyar sai na fita na sake ƙirga takun nan.

Zan gaya maka abin da na yanke, kuma ba na tsammanin zan canja. Gidan nan ba zai ga damina a inda yake ba. Jiya na shiga Kuala Terengganu na samu mutumin da ya san harkar ɗauke tsofaffin gidaje. Ya ce zai zo ya duba katakon, in ya ga da kyau za mu yi magana. Ban gaya wa Mok ba tukuna, sai na ji ta bakinsa.

Mai ɗaukar wasiƙu yana jira a shagon kofi, dole in tsaya nan. Ka rubuto da wuri.

Ƙanwarka,
Rokiah


Jidda
3 ga Satumba, 1986

Rokiah,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da Mok tana lafiya. Ki ce mata ta daina tsugunawa wajen murza kifi, ta nemi kujera. Ni ma lafiya lau, na yi mura bayan Sallah saboda aikin tashar jirage ya yi yawa lokacin alhazai, amma ta wuce.

Yanzu ga magana. Na karanta takardarki sau uku a tsaye, na kasa zama.

Mutumin da Mok ta kora da tsintsiya, shi kika bi har Kuala Terengganu? Kika ce masa ya zo ya duba katako? Kuma kina gaya min da bakinki cewa kin ɓoye wa Mok? Kiah, me Ipoh ta yi miki? Kwana shida kacal kika yi a gida har kin yanke wa gidan Ayah hukunci. Ina ɗan shekara tara na zauna ina fiƙe turakun katakon da suka riƙe ɗakin baya, har yanzu tabon wuƙar yana babban yatsana. So kike in dawo in tarar da Turawa da gajerun wanduna suna shan lemo a barandar da aka yi wa Ayah sallah?

Teku kuma ba yau ta fara ba. Tun muna yara takan ci gaɓa da damina, rani ya yi ta mayar da rairayin. Kin daɗe a cikin duwatsun Ipoh ne, shi ya sa kumfa kaɗan ya firgita ki.

Ki saurara. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Yau ɗin nan na rubuta wa Pak Ngah, shi ne ƙanin Ayah, shi ya rage mana a madadinsa. Na ce masa kada ya bar kowa ya taɓa ko allo ɗaya na gidan nan sai na ce. Na roƙe shi da girman Allah da girman Ayah, na san kuma ba zai saɓa ba.

Idan ruwan ya dame ki, ki sa a jera buhunan rairayi a gaba. Ki koma makarantarki, yaranki da mijinki suna jiranki. Kwangilata za ta ƙare baɗi, in na dawo sai mu zauna.

Ki gaishe da Mok. Kada ki nuna mata wannan takardar.

Yayanki,
Ghazali


Kampung Alur Ketapang
20 ga Satumba, 1986

Abang,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mok ta ce ba ta buƙatar kujera, ta ce kai ka zauna a kai.

Sau uku ka karanta takardata, kuma sau ukun da ido ɗaya. A ina na rubuta maka cewa zan sayar? Cewa na yi a ɗauke. A ɗauke, Abang, a kafaɗa, yadda aka ɗauke gidan Tok Sulong muna yara, aka kai shi bayan masallaci. Ka manta ne? Kai ne ka bi su da gudu har ka faɗa kwata.

Mutumin da na gani ba mai farar mota ba ne. Ko keke ba shi da shi. Sunansa Wan Mamat, shekararsa saba'in da ɗoriya, shi ne ya rage cikin waɗanda suke jagorantar ɗaukar gida a dā. Na yarda da laifina, na rubuta cikin sauri ban faɗi sunansa ba. Amma kai ma ka san ni. Ni da na ƙi yarda a canja ko tagar ɗakin Ayah, ni zan miƙa wa otal gidan?

Wan Mamat ya zo makon jiya. Ya shiga ƙarƙashin gidan yana ƙwanƙwasa kowane ginshiƙi da bayan yatsa, yana kara kunne kamar likita. Ya fito ya ce, "Katakon cengal ne na gaske. Zai ɗauku. Amma sai mutum ɗari da ashirin, kuma kafin iskar gabas ta tashi." Wurin ma akwai shi: gonar kwakwar Mok ta bayan maƙabarta, kan tudu, taku ɗari shida daga nan.

Sai takardarka ta iso wurin Pak Ngah. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya ba wani ya karanta masa a shagon kofi, da ƙarfi, gaban kowa. Yanzu in na wuce sai in ji ana cewa, "Ga malama mai sayar da gidan ubanta." Mok ma a kasuwa ta ji. Kwana biyu ba ta yi min magana ba, tana ajiye min shinkafa ta juya baya. Da kyar na zaunar da ita na yi mata bayani. Ta yarda ba sayarwa zan yi ba, amma batun ɗauka ta ce gida ba kwando ba ne.

Na je wurin Pak Ngah na same shi yana gyaran koma. Na ce, "Pak Ngah, Abang bai fahimta ba ne."

Ya ce, "Na sani, Kiah. Na san ba za ki sayar ba."

Na ce, "To ka sa baki. Mutanen ƙauyen nan ba za su sa kafaɗa ba sai sun ga taka a gaba."

Ya ce, "Yaron nan ya haɗa ni da Allah da ɗan'uwana da ke kwance. Ya ce ko allo ɗaya. Ki sa ya rubuto kalma ɗaya, gobe in fara saran gora."

Ka ji abin da ka jawo. Kalma ɗaya, Abang. Ka buga wayar telegiram ta gidan waya, kada ka tsaya rubuta wasiƙa.

Batun teku tana mayarwa kuma, shekara huɗu rabonka da ganinta. Yau da safe taku goma sha bakwai. Buhunan rairayi mun jera arba'in, washegari muka tsinci tara.

Ba zan koma Ipoh ba. Na rubuta wa makaranta na ɗauki hutu har ƙarshen shekara, mijina ya amince, yara suna wurin kakarsu. Ina nan sai na ga gidan nan a kan tudu.

Rokiah


Kampung Alur Ketapang
23 ga Oktoba, 1986

Abang,

Assalamu alaikum. Wata guda ke nan da kwana uku ba mu ji daga gare ka ba. Kullum ina zuwa gidan waya, har ma'aikacin ya daina jira in tambaya, daga nesa yake girgiza min kai. Ban sani ba ko fushi kake, ko ba ka da lafiya, ko takardar ce ba ta isa ba. In fushi ne, ka ajiye shi zuwa baɗi, zan tsaya ka sauke min shi duka. In ciwo ne, Allah ya ba ka lafiya, ka sa wani ya rubuto. Mok tana tambaya, ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa.

Ban zauna jira ba. Tun da maza sun ce sai ka ce, na tara mata. Ni da Mek Gayah da matan da ke shanya kifi, mu goma sha ɗaya, muka shiga kurmin bakin rafi muka sari gora. Kwana tara muna yi. Hannuna duk ya faffashe, da ka gani ba za ka ce na taɓa riƙe alli ba. Muka jawo su ɗaya ɗaya muka tara a gaban gida. Maza suna zaune a shagon kofi suna kallo, wani har yana cewa, "Malama, kejin kaji za a yi ne?" Mek Gayah ta ce, "Eh, naka. Mun ga ba ka da inda za ka kwanta ka yi ƙwai." Tun ranar ba a sake yi mana magana ba.

Ranar Litinin iska ta juya. Ka san yadda take yi, sama ta yi baƙi ta gabas, jirage duk aka jawo su tudu. Bayan la'asar ruwa ya cika. Ina shara a baranda, Mok tana ɗakin girki tana soya kifi. Na ji wani ƙara kamar an take busasshen ganye, na leƙa na ga ƙasan ginshiƙin ɗakin girkin babu rairayi, a iska yake tsaye. Ban san lokacin da na shiga na fizgo ta ba, da ludayin a hannunta. Ba mu kai tsakar gida ba ɗakin ya karkata. A hankali ya tafi, Abang, kamar raƙumi zai durƙusa. Kasko da tukwane da turmin Mok duk suka bi ruwa. Babban gidan bai motsa ba, don ka san ɗakin girkin daga baya aka jingina shi.

Mok ta tsaya a bakin ƙofar da yanzu ba ta kai ka ko'ina. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Gidan zai tafi duka? Da ƙofofinsa da tagoginsa?"

Na ce, "Duka, Mok."

"Ba za a zare masa turke ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya. Rufin kawai za a sauke don ya rage nauyi, a mayar a can."

Ta ce, "Kira min Draman."

Pak Ngah ya zo a jiƙe. Ya ga inda ɗakin girki yake a dā, ya cire hularsa ya riƙe. Amma duk da haka ya fara ce wa Mok, "Kak, Ghazali ya ce..."

Ta ce, "Draman, ni na haifi Ghazali ko shi ya haife ni?"



Ta ce, "Ya ce kada a taɓa allo. To ga teku ta taɓa, je ka karanta mata takardar. Ni matar gidan ina raye, na ce a ɗauka. In akwai zunubi a wuyana yake."

Washegari da sassafe na ji saran adda. Pak Ngah ne yake gyara gorar da muka saro, yana mita wai mun yanke su kamar masu yankan rake.

An sa rana: Juma'a, bakwai ga Nuwamba, bayan an sauko. Tok Imam zai yi sanarwa. Damuwata mutane. Samarin ƙauyen nan rabinsu suna aikin mai a Kerteh, wasu suna Singapura. Gobe zan hau keke in bi ƙauyuka uku na kusa in ga limamansu da kaina.

Taku tara yau. Na gaya maka ne don kada ka ce an yi a bayan idonka. Izininka kuma ba na jiransa yanzu, amma ina son sa.

Rokiah


Jidda
8 ga Nuwamba, 1986

Kiah ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ba ciwo ba ne, ba fushi ba ne kuma. An tura mu Yanbu gyaran injinan ɗaga kaya tun tsakiyar Satumba, aka ce mako biyu, muka yi bakwai. Yau da safe na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa, ɗaya kan ɗaya.

Na buɗe ta farko na karanta har inda kika ce a kafaɗa. Nan na ajiye ta na zauna a ƙasa. Na ɗauko tsohuwar takardarki ta Agusta na sake dubawa. Babu kalmar sayarwa ko sau ɗaya. Ni na sa ta da kaina. Ina ganin na daɗe ina tsoron wata rana zan dawo in tarar babu abin da na bari, shi ya sa na ga abin da ba ki rubuta ba.

Da na karanta ta biyun, na zo wurin Mok da ludayi a hannu, ban iya ƙarasawa ba sai da na fita waje. Da ba ki leƙa ba fa? Da na kashe uwata da takarda daga nan, ina ganin gidan Ayah nake karewa.

Na sa an kira ki mai sayar da gida a garin da aka haife ki. Ki yafe min. Zan rubuta wa Pak Ngah wata takardar, kuma zan ce a karanta ta a shagon kofin nan, da ƙarfi, yadda aka karanta ta farko.

Na buga wayar telegiram kafin in zauna rubuta wannan. Na duba kwanan wata na ga jiya ce Juma'ar. Ban sani ba ko mutane sun zo, ko ruwa ya riga ku. Ina zaune a nan da hannu biyu masu ɗaga ƙarfen da ya fi gidanmu nauyi, ba su amfane ku da komai ba. Don Allah ki rubuto ranar da kika ga wannan, ko mene ne labarin.

Yayanki,
Ghazali


Kampung Alur Ketapang, bayan maƙabarta
13 ga Nuwamba, 1986

Abang,

Assalamu alaikum. Ka ga adireshin sama? Karanta shi da ido biyu.

Muna lafiya, ni da Mok. Wayarka ta iso ranar Litinin: "KU ƊAUKA. KI YAFE NI." Mun gode. Gidan ya riga ya kwana uku a sabon wuri. Pak Ngah ya sa ta a aljihu ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta. Na yafe, magana ta wuce. Bari in ba ka labari, don na san kana can kana cin yatsa.

Ranar Laraba da Alhamis kafin Juma'ar muka sauke rufin, fale-falen yumɓun nan ɗaya bayan ɗaya, hannu zuwa hannu, uku kawai suka fashe. Wan Mamat da Pak Ngah suka zura gora a ƙarƙashin daɓen, a tsaye da a gicciye, suka ɗaure da igiya. Mata suka dafa shinkafar nasi dagang tukunya shida a sabon gidan Mek Gayah.

Da aka sauko Juma'a mutane suka fara zuwa, wasu da tufafin masallacinsu. Na tsaya ina ƙirgawa. Tamanin da huɗu. Wan Mamat ya ce ba za su isa ba, amma a gwada.

Sai ga wata matsalar. Mok ta ƙi saukowa. Ta shimfiɗa tabarma a bakin taga ta zauna da akwatin goronta. Na roƙe ta, Tok Imam ya roƙe ta. Ta ce, "In za ku jefar da shi, ku jefar da mu tare. Da ni a ciki za ku fi kula." Wan Mamat ya ɗaga kai ya dube ta ya ce, "Bar ta. Ba ta kai buhun shinkafa ba." Ta ce, "Kai kuma ba ka kai rabin buhu ba, tsoho."

Aka shiga ƙarƙashin gora. Wan Mamat ya ɗaga murya, aka yi salati, ya ƙirga uku. Gidan ya yi ƙara, ya tashi kamar tafin hannu, ya koma ya zauna. Aka sake. Ta gaba ya tashi, ta baya ko motsi. Mutane suka fito suna murza kafaɗa, wani ya ce a bari sai Juma'a mai zuwa a nemo ƙari. Na dubi gabas, Abang. Baƙi ƙirin. Ruwa kuma taku shida. Babu wata Juma'a mai zuwa.

Na cire takalmina, na naɗe zanen kaina na ɗora a kafaɗa, na shiga ƙarƙashin gorar baya. Ban kira kowa ba. Ina sunkuye na ji Mek Gayah tana cewa, "Matsa, malama, ba ke kaɗai kika sari gorar ba." Sai ga matan kifi, sai ga masu girki da hannunsu duk mai. Mu talatin da bakwai. Kowa ya juya yana kallon Tok Imam. Ya dubi sama, ya dubi teku, ya ce, "Mata su riƙe baya, maza su matsa gaba. Me kuke jira?" Shi ma ya tuɓe rawaninsa ya shiga.

A na ukun ya tashi.

Ba zan iya gaya maka nauyin ba. Ji na yi kamar ƙashin bayana zai fito ta ƙafata. Taku ashirin a ajiye, taku ashirin a ajiye. Ba ka ganin komai sai dugadugan wanda ke gabanka. Mok kuwa tana taga tana ba da umarni. "Hagu! Ku makafi ne, ga mangwaron mutane! Draman, ɓangarenka ya yi ƙasa, ko ka bar ƙarfinka a shagon kofi?" Mutane suna dariya suna nishi. A kwanar maƙabarta dole aka rushe shingen Tok Sulong, jikansa da kansa ya sa adda. Da muka zo daidai inda Ayah yake kwance, Mok ta daina ba da umarni. Ba wanda ya ce a tsaya, amma aka ajiye, aka yi fatiha, aka sake ɗauka.

Hawan tudun ya fi komai wuya. An fara yayyafi, ƙasa ta yi santsi, sau biyu muna komawa baya. Kafaɗar Pak Ngah ta fashe, jini har gwiwar hannu, aka ce ya fita ya ƙi. Ana kiran magariba muka sauke shi a kan duwatsun da aka jera. Wan Mamat ya zagaya ya duba, ya ce ko turke ɗaya bai saki ba. Ni dai na zauna a cikin taɓo na yi kuka kamar yarinya, Mek Gayah tana dukan bayana tana cewa in tashi shinkafa za ta huce.

An mayar da rufi ranar Lahadi. Shekaranjiya da rana na sauka tsohon wurin. Inda gidan yake a dā, ruwa ne har ƙugu.

Abu ɗaya ya rage. Matakalar gaba ta ruɓe ta ƙasa, da aka cire ta ta rabu biyu. Nan kuma ƙasar gangare ce, ƙofa ta yi sama fiye da dā. Yanzu wani guntun kwakwa da aka sassara muke takawa, ni nake riƙe Mok ta hau ta sauka. Pak Ngah ya kawo katako zai yi sabuwa, ta hana shi. Ta ce, "Mutum ɗari da ashirin da ɗaya sun sa kafaɗa a gidan nan, ɗana ba ya ciki. A bar masa wannan." Na ce mata sai baɗi za ka dawo, gwiwarta ba za ta jure ba. Ta ce ita ba ta gaji ba, kuma in rubuta maka haka.

To na rubuta.

Ƙanwarka,
Rokiah


Jidda
30 ga Nuwamba, 1986

Kiah,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi. Na karanta wa abokan ɗakina takardarki, mutumin Kelantan da ke cikinmu ya sa na maimaita masa wurin mata sau biyu. Yaya kafaɗarki? Yaya ta Pak Ngah? Ki sa ya je asibiti, kada ya ce zai shafa man kwakwa.

Na je wurin shugabanmu na nemi hutu. Ya ce ba a ba da hutu sai kwangila ta ƙare. Na ce masa to ya nemi wani makanike. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ba ni mako uku. Zan sauka Kuala Lumpur sha tara ga Disamba, in hau motar Terengganu.

Ki ce wa Mok ta rage hawa da sauka kafin nan. Ki ce wa Pak Ngah ya ajiye katakon a inuwa kada ruwa ya taɓa shi, ya kuma wasa min kurfi da zarto, amma kada ya yanka komai. Ke kuma ki ɗauki igiya ki auna min daga ƙasa zuwa bakin ƙofa, ki ƙulla ta daidai wurin, ki ajiye. Zan yi takun gajeru saboda gwiwarta, in sa mata abin riƙewa ta dama.

Kada ki koma Ipoh kafin in iso. Ina da maganar da zan faɗa miki a shagon kofi, a tsaye, gaban kowa.

Yayanki,
Ghazali